«Mi anka sa ciki?»

Ƴan uwana ɗalibai, kafin in zargi kowa bari in fara da kaina. Shekara uku ke nan ina karatun kimiyyar harshe a Yamai. Na iya fasa kalma in nuna saiwarta da ɗafinta, na iya zana bishiyar jimla a allo har malami ya gyaɗa kai. Amma ran da mahaifiyata ta yi mini tambaya mai kalma huɗu a kan teburin cin abinci, ƙarya na yi mata. Wannan ƙarya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ajiye shi ba sai na raba laifin ga duk mai rabo, ni ce ta farko.

Ga yadda abin ya faru. Yayanmu ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji, albashin farko ya shigo, daidai lokacin da Inna ta zo daga Maraɗi ganin likita kan hawan jini. Yaya ya ce wallahi ba za ta koma ba sai ya kai ta inda manya ke cin abinci. Ya zaɓi wani gidan abincin teku a bakin kogi, irin wanda mai gadi ke buɗe maka ƙofa, sanyin na'ura ya doke ka tun daga zaure. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ke yin abin da zan faɗa ba. Mu huɗu ne: Inna, Yaya, ni da autarmu da ke ajin ƙarshe na lise.

Kowa ya shiga da sharaɗinsa. Inna likita ya hana ta gishiri da magi, kuma mace ce da ko ƙofar da ake saida giya ba ta bi. Auta jikinta ba ya karɓar jatan lande. Tana ƴar shekara bakwai ta sha miyar maƙwabta da aka zuba wa garin busasshen jatan lande, irin wanda ƴan kasuwa ke kawowa daga Najeriya, jikinta ya yi rudu-rudu, leɓenta ya kumbura. A gida muna ce masa borin jini, kowa ya san da shi. Shi kuwa Yaya sharaɗinsa ɗaya ne, ya faɗa mana tun cikin taksi: «Don Allah kada ku ba ni kunya.»

Aka kawo takardar abinci, shafi huɗu, Faransanci tsantsa. Inna ta yi karatun allo, tana rubuta wasiƙa da ajami, tana lissafin adashen mata talatin da ka. A kan wannan tebur dai ta koma makauniya. Saurayin da ke hidima ya rusuna ya ce: «Madame a choisi ?» Ta dube ni. Na zaɓar mata filet de capitaine au beurre blanc, na ce giwan ruwa ne da man shanu. Sai ta ce: «Mi anka sa ciki?» Na san beurre man shanu ne, na san blanc fari ne. Abin da ke bayan wannan ban sani ba. Saurayin na tsaye, Yaya na kallona, mutanen teburin kusa na jin mu. Na ce: «Ba komi, Inna, man shanu ne kawai.» Maganar gishiri ma ban yi ta ba. Auta ta nuna wani abu wai shi bisque maison, ta tambayi Yaya, ya ce miyar kifi ce, ta sha abinta.

Ba ta kai rabin kwano ba ta fara sosa wuya. Leɓe ya tashi, ido ya yi ja, murya ta shaƙe. Inna ta miƙe tana salati. Nan take saurayin nan mai «Madame» ya saki tire ya ce da Hausar Adar garau: «Subhanallahi! Hajiya, ɓawon jatan lande na anka daka ciki!» Muka kwashe ta sai asibiti mafi kusa, aka yi mata allura, Allah ya taƙaita. Washegari na koma ɗaukar gyalen Inna da muka manta, na tare saurayin a bakin ƙofa na tambaye shi miyar giwan ruwan. Ya sunkuyar da kai ya ce ana sa farar giya. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce: «Ba ku tambaya ba. Mu kuma an ce kada mu yi Hausa da masu cin abinci.»

To ga maganata, kuma a kanta zan tsaya har ƙarshen takardar nan: duk wanda zai sa abu a bakinsa yana da haƙƙin sanin me ke ciki, da harshen da yake ji. Gidan abincin da ya hana ma'aikacinsa amsa wannan tambaya da Hausa ko Zabarmanci yana wasa da ran mutane da addininsu, ko da farantinsa na zinariya ne. Mu kuma ƴan boko da muka maida tambaya abin kunya, mu ne muke riƙe masa ƙafa.

Na ce Faransanci tsantsa, amma a gaskiya ba Faransancin lakkwal ba ne. Zaurancen masu girki ne, wanda ko a Faransa ba kowa ya san cikinsa ba. Bayan abin da ya faru na zauna na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake ba mu aiki a aji. Beurre blanc miya ce ta man shanu da ƙananan albasa da ake dafawa cikin farar giyar inabi da binegar. Marinière, wadda ake yi wa moules, ita ma farar giya ce ginshiƙinta. Flambé na nufin an zuba barasa mai ƙarfi an kunna mata wuta. Bisque miya ce da ake yi da ɓawon jatan lande ko ƙaguwa da danginsu, sau da yawa har da barasar da ake kira koñak. Lardons ƴan gutsattsarin naman alade ne, kuma ana haɗa su da abincin teku. Chorizo, da wasu ke sawa cikin shinkafar paella, shi ma alade ne. Ku duba da kyau: babu ɗaya cikin waɗannan sunaye da ya ƙunshi kalmar vin, ko porc, ko crevette. Mai digiri uku ma zai iya karanta takardar daga sama har ƙasa bai ga abin da yake gudu ba. Sunan yana gaya wa wanda ya riga ya sani, yana rufe wa wanda bai sani ba.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an ce mini a tsakar jami'a: ai giya tana ƙonewa a wuta. Ba duka ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992, wanda ma'aikatar noma ta ƙasar ke amfani da alƙalumansa, ya nuna abincin da aka yi wa flambé yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na barasar. Wanda aka dafa minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40. Sai an yi awa biyu da rabi ana dahuwa kafin ya sauko kashi 5. Kuma ko da ta ƙone ƙurmus, hukuncin ci ko bari na mai ci ne da malaminsa. Ba kuku ne zai yi wa Inna fatawa daga bayan murhu ba.

A lura, teku ba ta yi mana laifin komi ba. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, dabbobin ruwa halal ne, da kifi da jatan lande da ƙaguwa. Hanafawa ne suka taƙaita ga kifi. Ke nan Inna na iya cin kusan duk abin da ke cikin firigon gidan nan da zuciya ɗaya. Matsalar tana cikin kwalbar da ake tsiyayawa a kasko, da gishirin da ake barbaɗawa, da man da aka soya wani abu a ciki. Duka ukun abubuwa ne da kuku zai iya bari cikin minti ɗaya in an gaya masa. Giwan ruwa gasasshe da lemun tsami, ba gishiri, ba miya: wane wahala ke cikin wannan?

Kuma sun iya, na gani da idona. A daren nan, teburin da ke bayanmu wata Baturiya ce da abokan aikinta. Ta ce ita sans gluten take ci, wato ba ta cin abin da aka yi da alkama. Saurayin ya rubuta, ya shiga, sai ga babban kuku da farar hularsa ya fito da kansa yana yi mata bayanin kowace miya. Ban ji haushinta ba, haƙƙinta ta nema, kuma ta burge ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da muke ba abu ɗaya in mutum biyu suka yi shi. In Baturiya ta ce ba ta cin kaza, sai mu ce tana régime, ta san lafiyarta, wayayya ce. In tsohuwa daga Maraɗi ta ce a rage gishiri, sai mu ce tsirfa, iyayi, ƙauyanci. A aji an koya mana cewa harsuna ba su fi juna ba, mutane ne ke ɗora wa wani daraja su tauye wani. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki mai kyau. A kan tebur kuwa na faɗi warwas, don ni ma a zuciyata na ɗauka tambayar Inna za ta zubar da mu.

Maganar auta ta fi wannan nauyi, don ita rai ne. Abin da ke tada mata borin jini wani sinadari ne da ke cikin naman jatan lande da ƙaguwa da danginsu, masana na kiransa tropomiyosin. Wuta ba ta kashe shi. Ɗan kaɗan ya isa: cokalin da aka juya wata miya da shi, ko man da aka soya jatan lande a ciki sannan aka soya dankali. In abin ya yi tsanani maƙogwaro na kumbura, numfashi ya toshe, jini ya faɗi, kuma maganin gaggawa allurar adrenalin ce, ba a jira. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta wajabta, tun Disamba 2014, a sanar da mai saye abubuwa 14 da suka fi tada wa mutane wannan ciwo, har a gidajen abinci. Cikinsu akwai kifi, da dangin jatan lande, da dangin kawa, da gyaɗa, da madara, da ƙwai, da riɗi. Masu gidajen abincinmu sun kwaikwayo Faransa a farin ƙyallen tebur, da cokula uku-uku, da kiɗa mai taushi, da sunayen miya. Shafin nan guda da ke ceton rai shi ne suka manta a jirgi.

Wani abokina ya ce mini: «Ke ma dai, Hausa ba ta da kalmomin nan, da me za a fassara?» Na ce masa ya je bakin kogi da safe ya ji. Abin da takarda ta kira capitaine, masunta na ce masa giwan ruwa. Carpe ɗinsu karfasa ce, silure tarwaɗa. Muna da ragon ruwa, da kurungu, da gaiwa da ke kwana cikin laka ta jira damina. Crevette jatan lande ne, crabe ƙaguwa, huître kawa. Mutanen da ke su a tabkin Madarunfa, da Tabalak, da Komadugu, da kogin Kwara da ya ratsa ƙasar nan kusan kilomita 550, ba su jira ƙamus ba kafin su raɗa wa kifi suna. Abin da ba mu da sunansa, kamar calmar, sai a bayyana shi da jimla ɗaya, ko a ari kalmar a gyara mata zama kamar yadda muka yi wa lakkwal da mota da tumatir. Faransancin ma da ake taƙama da shi, fruits de mer yake cewa, wato ƴaƴan itacen teku. In su sun iya kiran ƙaguwa ɗan itace ba su ji kunya ba, mu me zai ba mu kunya? Kuma ba waƙa muke so a fassara ba. Jimla huɗu ce: akwai giya, akwai alade, akwai jatan lande, akwai gishiri da yawa. Wace Hausa ce ta kasa wannan?

Ku gwada da mai tuyar kifi ta bakin titi. Ka tambaye ta wane kifi ne, za ta faɗa. Na yau ne ko na jiya, za ta faɗa, in ta yi ƙarya gobe ba ka dawowa kuma unguwa duka za ta ji. Ka ce kada ta sa yaji, ba za ta sa ba. Da dala ɗari ka sayi kifi ka sayi bayani. A inda farantin giwan ruwa ɗaya ya ci jika goma sha biyu kuwa, ka biya kuɗin sanyi da kiɗa da fitila, bayani ne kaɗai ba a saida maka. Alhali a can ne tambaya ta fi wajaba. Nijar ba ta da teku. Daga Kwatano zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne, kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo. Ku haɗa da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ɗaukewar wuta da kowa ya sani. Duk jatan landen teku da ka gani a faranti a Yamai ya yi doguwar tafiya cikin ƙanƙara, ta mota ko ta jirgi. Wanda ya tambayi yaushe ya iso, kuma ko ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, hankali ya yi.

Saura masu cewa: «Wa ya aike ku? Ku ci tuwonku a gida mana.» Wannan maganar na ji ta daga bakin ƴan uwa masu kishin talaka, kuma na fahimci inda ta fito. Kuɗin da Yaya ya kashe a daren nan ya isa cefanen gidanmu na kwanaki. Amma ku dubi abin da maganar ke nufi in an bi ta har ƙarshe: akwai ɗakuna a babban birnin ƙasarmu da uwayenmu ba su da hurumin shiga, kuma in sun shiga abin da ya same su su suka ja. Ban yarda ba. Matar da ta saida ƙuli-ƙuli da fura ta biya wa ɗanta kuɗin takarda har ya samu aiki, tana da ikon zama bakin kogi ta ci kifi mai tsada sau ɗaya a rayuwarta, a kuma amsa mata tambaya da girmamawa. Kuma yau gidan abinci ne, gobe kantin magani ne, jibi takardar asibiti ko ta banki. Duk inda aka saba wa mutum da sa hannu ko buɗe baki kan abin da bai gane ba, cuta ɗaya ce.

Ga masu cewa Yamai ba garin Hausa kaɗai ba ne, gaskiyarku. Shi ya sa tun farko na ce Hausa ko Zabarmanci, kuma in ma'aikaci ya iya Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, a bar shi ya yi da wanda ya zo. A 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa goma. A watan Maris na 2025 sabon kundin da aka kafa ya kira Hausa harshen ƙasa, ya maida Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, mu ma mun yi a ɗakunan kwana har asuba. Ni dai abin da na gani shi ne, takarda ta canza a fadar gwamnati, amma saurayi ɗan Tawa na tsoron a kore shi daga aiki in ya ce wa tsohuwa «sannu Hajiya». Shi ban ga laifinsa ba, abincinsa yake karewa. Matsayin harshe ba a kundi ake auna shi ba, a irin wannan tebur ake aunawa.

To me za mu yi, mu da ba mu da gidan abinci ba mu da hatimi? Abu biyu, kuma duka suna hannunmu.

Na farko, aikinmu ne na ɗaliban harshe. Kalmomin da ke ɓoye giya da alade da jatan lande a takardun nan ba su da yawa, shafi ɗaya zai ɗauke su. Na riga na fara jerawa da Hausa. Ina neman wanda zai yi na Zabarmanci, da ɗalibin likitanci da zai duba mana ɓangaren ciwo. Injin da ya buga wannan ɗan littafi zai buga shi. Mu kai wa masu gidajen abinci kyauta, mu ce su liƙa a bayan takardarsu, su kuma saki bakin ma'aikatansu. Wanda ya karɓa mu gaya wa mutane ya karɓa. Wanda ya ƙi, shi ma mu san da shi.

Na biyu ya fi wuya, don gyaran hali ne. In ka kai wani irin wannan wuri, ko budurwa ce, ko tsohonka, ko baƙo daga ƙauye, kai ne bakinsa. Kafin a rubuta komi ka tambaya da murya sama: akwai giya a miyar? Akwai alade? Akwai jatan lande, ko an soya shi a man? Za a iya yi ba gishiri? In ma'aikaci bai sani ba, ya shiga ya tambayo. In an yi maka kallon banza, ka tashi da kuɗinka, ƙofar da ka shigo tana nan. Kuma in ka ji wani a teburin kusa yana irin wannan tambaya da Hausar garinsu, kada ka yi murmushin nan da muka iya. Matambayi ba ya ɓata, mun sani tun muna yara, boko ne ya sa muka manta.

Sai da Inna ta koma Maraɗi da sati biyu na samu ƙarfin gaya mata maganar giyar, ta waya. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ta yi shiru, sannan ta ce: «Ni ban sani ba, Allah ba shi kama ni. Yayanku kau so ya yi shi hwaranta mani, Allah shi yi mai albarka. Amma ke da munka kai lakkwal don ki zama idonmu, mi ya hana ki tambaya?»

Har yau ban ba ta amsa ba. Shafin kalmomin yana wurina, duk mai son sa hannu ya neme ni ranar taronmu na gaba.